Allunan da Na Saya wa Oriane

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da zamiya a kan dusar ƙanƙara a ƙauyenmu, kuma duk wanda ya fito daga hannuna ya san abu guda: allon zamiya na kirki shi ne mai faɗin kai, mai faɗin wutsiya, mai siririn ƙugu. Idan ka kwantar da shi a kan gefensa, wannan lanƙwasar ce ke juya ka, ba ƙarfinka ba. Da irinsa na ci tsere ina saurayi, da irinsa kuma nake koyarwa.

Oriane tana da shekara shida mahaifiyarta ta kawo mini ita. Ta fi kowa iya kewaya tutocin tsere, amma tana kai sha uku ta koma filin tsalle da ke bayan coci, inda matasa ke tashi sama daga tudun ƙanƙara, su juya a iska, su sauka da baya, ko su sulale a kan bututun ƙarfe. Ban hana ta ba. Sai dai ban taɓa tsayawa na kalle su da kyau ba. Wucewa nake yi ina ɗaga musu hannu.

A sanyin da ta cika sha bakwai aka sa gasar zaɓe a filin tsallen namu. 'Yan mata biyu za a ɗauka cikin tawagar yankin, kuma wadda ta wuce sha bakwai ba ta shiga. Oriane ta san ba ta da wata shekarar. Saura kwana biyu, allonta na ƙafar dama ya tsage a kan bututu.

A shagon Anselme mai gyaran alluna na same ta. Ta aro wasu tsofaffin alluna wurin ƙawarta, duk sun kurje, kuma kusan miƙaƙƙu ne, gaba da baya ɗaya.

Na ce, "Waɗannan ai katakon ƙofa ne. Ki jira ni."

Na je gida na ɗauko waɗanda na saya mata tun kaka, ina ajiye da su don ranar haihuwarta. Wutsiyarsu a ɗage take kamar yadda na ga yaran na so, a zatona shi ke nan bambancin. Sauran siffar da dokata na zaɓa.

Anselme ya haɗa su biyu ya ɗaga, ya leƙa ta tsakiya. Ya ce, "Firmin, wannan ƙugun na zanzaro fa? Yaran nan da baya suke sauka. Allon da ke hanzarin juyawa ba ya yafe musu."

"Kai da rabonka da hawa dutse tun da aka sa maka gwiwar ƙarfe?"

"Gwiwar aka canja mini, tsoho, ba idon ba."

Muka yi dariya. Ya ɗaura musu maɗaurin takalmi, ni kuma na karɓi magagarinsa na wasa ƙarfen da ke gefen allunan da hannuna har yana aske farce. Ban san cewa yaran filin dakusar da nasu suke yi da gangan ba.

Washegari da rana ta gwada su. Ta zo ta tsaya a gabana, ta ture gilashinta zuwa goshi.

"Malam, suna juyawa tun kafin in ce su juya."

"Haka allon kirki yake. Za ki saba."

"In na sauka da baya kamar wani ne ke fizgar ƙafata."

"Ki tsaya a tsakiyarsu, 'yata. Tun kina wannan tsayin nake gaya miki." Na nuna da hannuna daidai cinyata.

Ta kalli allunan, ta kalle ni. Ta ce, "To, Malam. Na gode." Da yamma na ga tsofaffin allunan nan jingine a ƙofar gidan ƙawarta, har na ji daɗi a raina.

Ranar gasar na tsaya a bakin shinge kusa da mahaifiyarta, tana riƙe da butar kofi. Tsallen farko ya yi kyau, da gaba ta sauka. A na biyu ta juya sau ɗaya da rabi a iska, ta sauko da baya, ta ɗan karkata hagu, ɗan kaɗan ne. Na ga wasu 'yan mata kafin ita sun karkata fiye da haka, allunansu suka sulale suka daidaita da kansu. Nata ya ciji ƙanƙarar da wannan kaifin da na yi masa, ya bi lanƙwasarsa kamar yadda aka ƙera shi ya yi. Ƙafar hagu ta nufi shinge, jikinta ya wuce gaba. Ba ta yi ƙara ba. Ta zauna ta riƙe gwiwar da hannu biyu, ana kiran sunan mai bi mata.

Jijiyar gwiwar ce ta tsinke. Bayan aikin da aka yi mata na sauka asibitin da ke cikin kwari da kek ɗin tuffa wanda matata ta gasa. Na shirya magana a cikin mota, amma ina shiga ɗakin ta ɓace mini.

Ta ce, "Ku zauna mana, Malam. Kun tsaya kamar za ku kira sunaye."

Na zauna. Na ce, "Kin faɗa mini."

"Na faɗa."

"Me ya sa ba ki ƙi ba?"

Tana jan zaren bargo ta ce, "Ba ku ga fuskarku ba lokacin da kuka shigo da su. Shekara huɗu ina filin nan, ranar ce ta farko da kuka sa hannu a abin da nake yi."

Ta yanka kek ɗin, ta miƙo mini babban yankin.

'Yan mata biyun da aka zaɓa suka tafi birnin Chambéry wurin tawagar. Oriane ta warke bayan wata tara, yanzu tana karatun awon ƙasa a birnin Grenoble. Idan ta zo hutu takan hau dutse da mahaifiyarta, su sauko a hankali ta hanyar daji. Ba ta bin bayan coci.

Ni ne nake bi yanzu. Kowace Laraba, in na sallami ɗalibaina, nakan tsaya a bakin shingen nan awa guda. Na koyi ganin yadda miƙaƙƙen allo ke barin ƙafa ta gyara kuskurenta bayan an sauka. Abu ne da ake ganewa a yini ɗaya, in an tsaya.

Allunan suna shagon Anselme, a saman kanta. Sau biyu masu yawon hutu sun taya, ya ce musu ba nasa ba ne. Makon jiya ya tambaye ni ko zan zo in ɗauka.

Na ce, "Bar su tukuna."

Bai tsokane ni ba. Ya ci gaba da goga kakin santsi a allon da ke gabansa.