Ƙwallayen Rogon Tahira

Wata huɗu ke nan da kunu ya zube wa Tahira a hannun dama. Uwarta Ramlat ce ta sauke tukunyar a gindin murhu, ta juya ɗaukar ludayi, kafin ta waiwayo sai ihu ta ji. Ƙunar ta warke, alhamdu lillahi, amma fatar tafin hannun ta tattare, yatsun suka lanƙwashe ciki, yarinyar kuma ta maƙale hannun a ƙirji kamar ba nata ba. Da hagu take cin tuwo, da hagu take karɓar duk abin da aka miƙa mata. Shekararta uku da rabi, amma taurin kai kam ta fi wani babba.

A asibitin Ɗanbatta, matar da ke gasa mata hannun ba ta ɓoye wa Ramlat komai ba. Ta ce in yarinyar ba ta fara buɗe yatsun da kanta ba nan da 'yan makonni, za su sandare a haka, sai dai a yi zancen tiyata a Kano. Ta ce kada a ɓanɓare su da ƙarfi, a nema mata wasan da sai ta sa yatsu. Ramlat ta gwada wake, Tahira ta cusa ɗaya a hanci, aka sha fama kafin ya fito. Ta gwada tsakuwa, tabon ya ji zafi, ta yi jifa da ita. Da Ramlat ta koma asibitin ta ba da labari, matar ta ciro waya ta nuna mata wasu 'yan ƙwallaye masu sheƙi, ja da rawaya, yara na dama hannu a ciki.

"Sitacin rogo ne kawai da ruwa," in ji ta. "A kwaɓa, a mulmula, a dafa. Taushi gare su, ba za su fama mata ciwo ba. Ki dai zauna kusa da ita."

Rogo kuwa ba abin nema ba ne, don mijinta Sama'ilu na da garka a bayan gida. Ya tono mata mai daɗin ci, ta fere, ta goga a jikin gwangwanin da aka huda da ƙusa, ta tace da ƙyalle, ta bar shi ya kwanta. Ta tsiyaye ruwan, ta shanya kwana biyu, ya fito fari fat. Har nan dai komai lafiya.

Wurin kwaɓi aka samu matsala. Ta ɗebo ruwan randa ta zuba, sai abin ya zame mata abin mamaki. In ta danƙa ya yi tauri, in ta buɗe hannu ya narke ya tsiyaye ta tsakanin yatsu. Ta ƙara gari, ta ƙara ruwa, duk ɗaya. Ranar farko ta zubar a makwarara. Rana ta biyu ma haka, ga garin yana ta raguwa.

Duk abin nan a kan idon Inna Hure, uwar mijinta, wadda ke zaune a rumfa tana ɓarar gyaɗa. Tun ranar ƙunar nan tsohuwar ba ta taɓa ce mata don me ba, kuma wallahi da ta zage ta da ya fi mata sauƙi a kan wannan shirun. Shi ya sa Ramlat ba ta gaya mata abin da take shiryawa ba. Amma a rana ta uku, da ta sake nufar makwarara da roba, sai ta ji murya a bayanta.

"Ramlatu, me kike ta ɗura wa makwararar nan?"

"Garin rogo ne, Inna. Abin wasa nake so in yi wa Tahira."

"Wasa? Da abinci? A gidan nan?" Inna Hure ta ture faifan gyaɗar gefe. "Ni da ko ƙwayar gero ta faɗi sai na sunkuya na tsince ta, ke kuma kina kwarara rogo a ƙasa? Ba kya tsoron a ɗauke mana albarka?"

Ramlat ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai kuka ya riga ta. Ta durƙusa da robar a hannu ta faɗi duk abin da aka gaya mata a asibiti, har da zancen makonnin da suka rage. "Ni na ƙona ta, Inna. In hannun nan ya sandare, me zan ce mata in ta girma?"

Tsohuwar ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta zo ta tsoma yatsa cikin robar ta murza.

"Da ruwan sanyi kika kwaɓa?"

"E, Inna."

"Oh ni Hure! Ku 'yan makaranta ku ke nan. Wa ya ce miki sitaci na jin maganar ruwan sanyi? Shekara talatin ina sa wa marigayi Malam sitaci a riga, sai ruwa ya tafasa yana tsalle ake zubawa. Share hawayenki ki hura min wuta." Ta ɗaga yatsa. "Amma da sharaɗi. A yi bisimilla kafin a taɓa, abin da ya rage kuma kaji su ci. Kar in sake ganin ko ɗigo a makwarara."

Ai kuwa nan take aiki ya koma hannun mai shi. Ta sa aka tafasa zoɓo a tukunya ɗaya, kurkur a ɗaya, don a samu launin ja da rawaya. Ta ɗebi garin ta raba biyu, ta kwarara ruwan yana tururi, ta juya da muciya da sauri, sai ga abu ya haɗe jikinsa yana danƙo. Ta cuɗa shi da zafinsa, ta ja shi siriri, tana tsinka tana mulmulawa. Hannun da ya saba da fura ne, kowane ƙwallo ya fito daidai da ɗan'uwansa, bai fi ƙwayar gujiya ba. Na Ramlat kuwa wani dogo, wani mai ƙusumbi, Inna na kallo tana taɓe baki. Suka dafa har suka taso sama suna sheƙi, suka juye a ƙwaryar ruwan sanyi.

Tahira ta zo da gudu, ta zura hannun hagu. Ta wuni tana bin su suna zille mata, tana ƙyalƙyala dariya, na daman nan kuwa yana nan a ƙirji bai motsa ba. Kashegari aka yi sababbi, haka aka sake yi. Jikin Ramlat ya yi sanyi ƙwarai, har ta fara tunanin wahalar banza ta ɗora wa tsohuwa.

Rana ta uku da fara wasan Alhamis ce, Inna Hure na azuminta na nafila. Da hantsi ta shimfiɗa tabarma, ta jawo ƙwaryar gabanta, ta danƙa wa Tahira ɗan ƙoƙo a hannun hagu.

"Ke uwar rigima, riƙe min wannan. Kika ajiye shi, na kwashe jajayen duka na ba zakara."

Tahira ta ƙanƙame ƙoƙon. Ta dubi jajayen, ta dubi zakaran da ke kewaya tabarmar, ta dubi kakarta. Can sai hannun dama ya sauko a hankali, a dunƙule, ya nutse cikin ruwan. Ƙwallayen suka riƙa gogar tabon da sanyinsu, ta ɗan zabura, ba ta dai cire ba. Ramlat na tsaye a bakin madafa tana kallo. Babban yatsa ya ɗaga. Manuni ya biyo shi yana rawa. Ƙwallo ya kuɓuce sau ɗaya, sau biyu, a na uku ta cafke shi.

Maimakon ta jefa a ƙoƙon, sai ta miƙa shi bakin tsohuwar. "Inna, ha."

"Tahira, Inna na azumi," in ji Ramlat.

Inna Hure ta dubi 'yan yatsun nan biyu da ke gaban bakinta. Ta yi bisimilla, ta buɗe baki ta karɓa.

"Azumi na rama shi wata ranar," ta ce tana taunawa.

Ramlat ta zo ta zube a gefen tabarmar, daɗi da godiya suka cika ta har ta rasa ta inda za ta fara. "Inna, na gode. Allah ya saka miki da aljanna, Allah ya jiƙan Malam."

"Amin. Tashi kar ki tsorata min ita." Tsohuwar ta goge ido da gefen mayafi, ta juya ga jikarta. "Abin naki ko gishiri babu. Ƙaro min rawaya in ji, da wannan hannun dai."