Sabon Rim a Rumfar Audi

Sodangi ya jera sabon rim a jikin tsohon da ya lanƙwashe, ya ɗaure su tare da tsumma, ya fara kwance wayoyin ƙafar keken ɗaya bayan ɗaya yana mai da su kan sabon. Haka ƙanensa Audi ya koya masa, don kada saƙar ta rikice. Rumfar gyaran keken ta Audi ce, nan Ƙofar Rini, amma yau Sodangi ya rufe shagon hatsinsa ya ce shi zai yi da hannunsa.

Keken na Attahiru ne, ɗansa na fari, da ke kwalejin horon malamai a bayan gari. Shekara ɗaya ta rage ya gama. Saboda kunyar ɗan fari, Sodangi ba ya kiran sunansa, balle ya zaunar da shi ya yi masa tambaya. Duk abin da ya shafi yaron ta bakin Audi yake ji. Audi kuwa kullum amsarsa guda ce, karatu yana tafiya.

Da ya juya tsohon rim ɗin, sai wani gari fari-fari ya zubo masa a cinya. Ya murza a yatsa. Ya duba ramukan wayoyin, ya ga abin ya daskare a ciki kamar dutse.

"Audi, wanga ba siminti ba ne?"

"Yaya, ai garin duk siminti ne yanzu. Tunda kuɗin fetur sunka shigo, soja gini kawai suka yi."

"Hanyar makarantarsu jar ƙasa ce."

Audi ya duƙa yana neman wani abu a cikin gwangwanin kusoshi. Sodangi ya dubi keken da ke jingine, ya ga kariyarsa ta ɗaukar kaya ta lotsa a tsakiya. Ya ɗaga sabon rim ɗin da Audi ya zaɓa masa da kansa, sai yanzu ya lura da kaurinsa, irin wanda 'yan dako ke sa wa kekunansu.

"Mi yaron nan ka ɗauka da keken ga?"

Audi bai ɗago ba. "Kamfanin da ke ginin ofisoshin gwamnati ne. Inda mota ba ta shiga, shi ka kai musu buhu. Ni na yi mai hanya wurin foman."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

Sodangi ya tuna safiyoyin da ya leƙa ta zaure yana kallon yaron ya fita da farar riga, littattafai ɗaure a kariya. Ashe a rumfar nan yake tuɓe rigar. Ga ta can ma rataye a ƙusa, a bayan tayoyi.

"Gobe in Allah ya kai mu, zan kai shi wurin shugaban makarantar da kaina."

"Sun cire sunanai, Yaya. Na tahi, sunka ce an ba wani gurbin. Kuma abin da yaka samu a wata, malamin nasu bai samunai."

"Ni na tambaye ka abin da yaka samu?"

Wata tifa ta wuce da yashi, rumfar ta girgiza. Sodangi ya bi ta da kallo har ta sha kwana. A zuciyarsa ya hango ƙafar keken yaron ta karye ƙarƙashin buhu a gaban irin wannan motar.

Ya dubi siraran wayoyin da ya riga ya mayar, ya fara kwance su.

"Miƙo mini wayoyi masu kauri."

Audi ya kawo su da sauri, ya tsuguna kusa da shi, ya kai hannu zai riƙe masa rim ɗin. Sodangi ya janye ƙafar keken, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya juya masa baya.