Hoton Bayan Littafi

Da la'asar samfurin littafin Ibtihal na farko ya iso Basra daga Bagadaza. Labarai ne a kan kakanninta baƙaƙen fata, waɗanda suka yi wa gonakin dabino hidima a bakin kogi. A bayan bangon akwai hotonta, sai dai mai gyaran hoto ya haskaka fatarta, kamar yadda ake yi wa amare don karramawa.

Ta kira Ustaz Muwaffak, editan kamfanin.

"Haba Ustaza, alheri muka yi miki," in ji shi yana dariya. "Wasu har roƙonmu suke yi. Gobe za a fara bugawa, ki ce to kawai."

Ta ajiye wayar. Ta daɗe tana neman mai buga mata, kuma tana tsoron kada gardama ta sa a jingine littafin.

Mahaifiyarta, Hajiya Sabriyya, tana kan darduma tana jan carbi. Ba ta yi karatu ba, don haka ta juya littafin ta tsura wa hoton ido.

"Wannan 'yar gidan wa ce?"

"Ni ce, Yumma," in ji Ibtihal, da sunan da take kiran uwarta.

"Ke? To, Allah ya ba ta miji nagari, amma ni ban haife ta ba."

Ibtihal ta yi guntun murmushi. "Ba ke ce kike shafa mini madara da lemun tsami ina ƙarama ba, kina hana ni shiga rana?"

Carbin ya tsaya a hannun tsohuwar. "Bakin yaran makaranta nake jiye miki. Amma ban taɓa roƙon Allah ya sauya mini fuskar nan ba."

Ta jawo tandun kwallinta, ta dangwala yatsa, ta shiga shafa wa hoton a hankali: goshi, kumatu, haɓa, kamar mai shafa wa jaririya mai. Hoton ya yi dabbare-dabbare.

"Yawwa. Yanzu kin fara kama da ubanki, Allah ya jiƙansa."

Ibtihal ta sake kiran Bagadaza. Ta ce: "Ustaz, a mayar da ni yadda nake. In ba zai yiwu ba, littafin ya jira."

Ya ce zai tuntuɓi mai kamfanin.

Ta ajiye wayar, ta durƙusa a gefen darduma, ta kama yatsan nan mai kwalli ta sumbata.

"Kin ɓata leɓenki," in ji uwar. "Tashi ki dafa mana shayi."