Wadda Ke Gefen Hoto

Kwalin ya ƙi shiga ƙofar ɗakin sai da aka karkata shi. Malam Abdulganiyyu yana zaune yana kallon 'yarsa tana fama, ko sannu bai ce ba.

"Mi kika kwaso muna, Inno? Ƙyauren shago?"

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiran ta haka. Ma'aikaciyar jinya ce a Sakkwato, kuma bakinsa ta gado.

"Allon kwamfuta ne, Baba. Kai ka ce rubutu ya koma maka tururuwa."

"Shekara talatin da biyar ina karanta rubutun hannun manyan sakatariya. Wanda ya tsira daga wannan ba ya neman agaji."

Ta ture littattafansa gefe, ta girka allon a kan tebur, ta jona shi da tsohuwar kwamfutarsa. Faɗinsa ya kusa na tagar ɗakin.

Ba rubutu ne damuwarsa ba, bai dai gaya wa kowa ba. Shekara huɗu da rasuwar matarsa Atu, fuskarta ta fara kuɓuce masa. Muryarta tana nan, har faɗanta, amma in ya rufe ido ɗankwali kawai yake gani. Ita kuwa hotonta ɗaya ne ya rage: na bikin ƙanenta Gazali a Fakku, mata kusan arba'in a jere, duk cikin anko, atamfa ɗaya, ɗauri ɗaya. Gara ta cinye na takardar, sai kwafin da Inno ta tura masa a waya. Kullum bayan la'asar yakan buɗa tsakiyar hoton da yatsu biyu, inda ya dace babbar yayar ango ta tsaya. Ya kalli wata dusasshiyar fuska, ya yi mata addu'a, wani lokacin har ya kai mata ƙarar maƙwabta.

"Sa hoton bikin nan mu gani," in ji shi, kamar bai damu ba.

Ta buɗe shi a allon, matan suka bazu daga wannan gefe zuwa wancan, kowace da fuskarta. Ya nuna tsakiya da sandarsa.

"Ga uwarki nan."

Inno ta sunkuya ta duba, sai ta toshe baki da mayafi.

"Baba, wannan ai Iya Tambaya ce."

Tambaya, ƙanwar Atu, tana nan a Kebbe da ranta da lafiyarta. Tun ranar da ta ce masa littafi ya aura ba yayarta ba, gaisuwa ma da ƙyar.

Ya sake ƙura wa fuskar ido.

"Shekara huɗu ke nan ina roƙa wa Tambaya gafara." Ya gyara tabarau. "To, tana buƙata."

"Duba can, Baba. Ƙarshen hagu."

Wurin da bai taɓa kai yatsunsa ba. Atu ce, ta fita daga layi, tana dariya har wushiryarta ta bayyana, ga ɗan tabon nan a haɓa. Ba mai hoto take kallo ba. Hannunta yana jan hannun rigar wani mutum da rabinsa kawai ya shigo, jarida ta rufe masa fuska.

Ya gane rigar, tasa ce. Ya kuma tuna abin da ya ce mata ranar: hoto aikin marasa aiki ne.

"Matso min da kujerar nan ta wancan gefen," ya ce.

Ta matsar. Ya zauna daf da allon, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Allah Ya yi miki albarka, Inno. Allah Ya ba ki masu yi miki."

"Amin, Baba. Ƙyauren shagon fa, in rufe?"

Bai waiwayo ba.

"Bar shi a buɗe."