Mastar da Tasi'u Ya Zaɓo

Mari na biyu ne ya fasa mini leɓe. Tasi'u, maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu, ya shaƙe mini wuyan riga a rumfata ta gyaran babur, yana huci.

"Sama'ilu, za ka ɗaura ko sai na karya ka?"

Masta ce a hannunsa, 'yar tukunyar man birkin nan da ke kan hannun babur. Tasa ta fara yoyo. Sabuwa kuwa, a shekarar da gero ma ya gagari mutane, wa zai iya? Sai ya je wurin 'yan gwangwan ya zaɓo ta wani ƙaton babur, wai babba ta fi ƙarfi.

Na tofar da jini na ce, "Ramin cikinta ya fi na taka faɗi. Hannun zai yi tauri kamar icce, amma ba zai kama ba. Ka bari in nemo daidai da taka."

"Gobe kasuwar Ɗanbatta! In ban kai gyaɗar nan ba, yarana su ci ƙasa?"

Ya ɗauki sifana ya maka mini a kafaɗa. Wallahi zuciya ce ta ɗebe ni. Na ɗaura masa, na zuba mai. Ya matsa hannun ya ji shi gam, ya tuntsire da dariya.

"Ka ji birki! Kai dai baƙin ciki ke damunka."

Washegari da hantsi ya fita da buhunan gyaɗa. A gangaren gada wata tifar yashi ta shigo masa. Waɗanda suka gani sun ce ya matse birki, ya ja ƙafa har takalmansa suka cire, babur bai ko rage gudu ba. Tayar bayan tifar ta bi ta ƙirjinsa. A tabarma aka kwaso shi.

Da na shiga gidan, matarsa Hure ta tare ni a tsakar gida, muryarta a dashe.

"Malam Sama'ilu, ba kai ka gyara masa jiya ba?"

Na kasa ɗaga kai. Na tsani kaina, har yau kuma ban daina ba.

Ni na riƙe wa liman buta wajen wankan gawar. Da muka zo hannun dama, yatsun a lanƙwashe suke kamar har yanzu birkin suke matsewa, sun ƙi buɗuwa. Liman ya ajiye soso, ya zauna yana miƙe su ɗaya bayan ɗaya.