Dalar da Ta Bi Ƙofar Baya

Su uku ne a gidan: Baba mai gyaran keken ɗinki, da Inna, da 'yarsu Auta. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne jin Auta, wanda zazzaɓi ya tafi da shi bayan ta shiga makaranta. Tun daga nan ta koyi gane magana daga motsin leɓe. Likita ya ce akwai na'urar da za a sa mata a kunne, amma daga waje ake kawo ta, kuma da dala ake biya.

Duk sanda Baba ya kusa haɗa kuɗin, sai dala ta ƙara tashi.

"Inuwarka kake kora, Malam," in ji Inna.

Wata safiya aka faɗa a rediyo cewa babban banki ya saki dala ga bankuna a farashi mai sauƙi, har da kason masu neman magani. Baba ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya kama hannun Auta.

Sun bi layi a banki har rana ta take. Ma'aikacin bankin yana sakace haƙori, ya ɗaga takardar likita da yatsa biyu kamar tsumman goge hanci.

"Baba, kun makara. Ta ƙare."

"Yau fa aka sake ta, ɗana."

"To sai ka koma ka tambayi rediyon."

Ya rufe tagar gilashi, ya ɗauki waya. Baba na ninke takardarsa, Auta kuwa na kallon bakin mutumin.

A waje, jikin katangar bankin, wani ɗan canji mai ƙaton tumbi yana zaune kan benci.

"Maigida, an sha layi? Zo nan, mu ba ma hana kowa."

Ya faɗi farashin da ya ɗara na jiya. Sannan ya lashi yatsa, ya zaro ƙunshin sababbin daloli daga aljihu. Ko takardar da aka ɗaure su da ita bai damu ya cire ba, ga tambarin bankin nan a jiki, irin wanda ke saman ƙofa.

Ɗan canjin ya miƙo hannu su gaisa, Baba ya dubi hannun, ya juya ya tofar da yawu a kwata.

A cikin motar haya Auta ta taɓa gwiwarsa.

"Baba, na ga abin da na cikin bankin ya faɗa a waya. Cewa ya yi, 'Zagayo ta baya, kuma kada ka manta da nawa.'"

Baba ya riƙe hannunta, ya juyo da fuskarsa sosai don ta ga bakinsa.

"Za ki ji, Auta. Sai dai ba yau ba."

Ta gyaɗa kai. Ta gane cewa dalar ba ta ƙare ba, su ne ba a so a ba.