Ƙarfe Ɗayan Ranar Juma'a

Wata takwas cur Rokshana tana zaune hankalinta kwance game da waƙoƙin babanta. Marigayin matuƙin kwalekwale ne a garin Sunamganj, kuma kafin ya rasu ta ɗauki muryarsa yana rera waƙoƙin kogi sittin da uku, ta ɗora su a shafin intanet da ta buɗe da sunansa. Kwamfutar da ke riƙe da shafin tana saman shagon ɗinkin ƙanen babanta, Mofiz Uddin. Ta saita ta yadda duk Juma'a da ƙarfe ɗayan rana za ta tura kwafin komai da kanta zuwa wata ma'ajiyar intanet da ke wata ƙasa. Ta zaɓi lokacin ne don maza na masallaci, layin intanet ba cunkoso. Ita a dole ta yi dabara.

Ran wata Talata kwamfutar ta fara ƙas-ƙas kamar tsohon keken ɗinki. Ko a jikinta, ai akwai kwafi. Ta buɗe ma'ajiyar don ta duba, sai ta tarar da ita wayam! Ko waƙa ɗaya babu.

Ta sauko shagon wurin Mofiz Uddin. "Baffa, wa yake taɓa mini kwamfuta ran Juma'a?"

Bai ko ɗago daga rigar da yake yanka ba. "Wa zai taɓa miki wannan akwatin? Ni dai nawa in kashe babban makunnin wuta, in kulle, in tafi masallaci."

"Na duk ginin?"

"To, da na rabinsa? Tun gobarar da ta cinye layin masu yadi ana tsakiyar huɗuba, haka duk kasuwar nan take yi. Malamar birni, kin manta?"

Wallahi ta manta. A kasuwar nan ta tashi, ta sha ganin ana duhunta shaguna kafin kiran salla, amma ko sau ɗaya abin bai faɗo mata a rai ba. Takaicin kanta ya kama ta, don babu wanda za ta ɗora wa laifi.

Ta koma sama da gudu ta fara tura waƙoƙin da hannu, tana salati. Arba'in da ɗaya suka haye. A ta arba'in da biyu kwamfutar ta yi ɗif, ba ta sake tashi ba.

Mofiz Uddin ya hau da kofin shayi, ya ga fuskarta, ya ajiye kofin a hankali. Ta gaya masa komai. Ya zauna a gefenta.

"Ashe da hannuna nake kashe Yaya duk mako."

"Haba Baffa, kar ka faɗi haka. Ni ce ban tambaya ba."

"Waɗanne suka tafi?"

Ta karanto masa sunayensu. A ta huɗu ya ɗaga hannu. "Wannan tare muka koya wajen kakarki. Kunna wayarki ki ɗauka."

Ya gyara zama ya fara. Muryar ta tsufa, tana rawa, ba ta kama ƙafar ta babanta ba, amma waƙar ce. Hawaye suka zubo wa Rokshana. Ya yi baiti ɗaya, ya yi na biyu, sai ya tsaya bakinsa a buɗe.

"Ci gaba mana, Baffa."

Ya girgiza kai. "Iyakata ke nan, 'yata. Daga nan Yaya yake karɓa."